Wai "silly" zagi ne ko wasa?

Akwai wata kalmar Turanci da ke yawan haɗa mutanenmu rigima da Turawa, wani lokacin ma ta haɗa mu da junanmu a gurup ɗin WhatsApp, ita ce "silly". Ka tambayi duk wanda ya yi firamare a Kano ko Zariya ko Jos ma'anarta zai ce maka wawa ko sakarai, in kuma ka jefa ta a manhajar fassara abin da za ta ba ka kenan, wauta. To ba ƙarya aka yi ba amma rabin zancen aka faɗa, domin Baturen Ingila yana iya gaya wa matarsa wannan kalmar da safe, ya gaya wa jikarsa da rana, ya gaya wa kansa da daddare kuma duk cikinsu babu wanda zai ɗaure fuska, alhali a nan in yaro ya kuskura ya ce wa yayansa "don't be silly" sai an shiga tsakani.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne a bakin masu harshen, "silly" ba ƙwaƙwalwar mutum take taɓawa ba, halinsa na wannan lokacin take nufi. Wato abin da ka yi ko ka faɗa ba shi da kan gado, ko yarinta ce, ko abin dariya ne, ko kuma ka damu kanka a kan abin da bai kai a damu ba. Farfesa ma yana iya zama "silly" na minti biyar in yana wa jikokinsa rawa a falo, kuma babu wanda ya ce iliminsa ya ragu. Shi ya sa ni a ganina shirme da shiririta sun fi kusa da ita nesa ba kusa ba a kan wauta. Mu ma ai muna bambancewa, in aka ce wane yana shirme daban, in aka ce wane dolo ne ko gaɓo daban, na farko zai iya dainawa anjima, na biyu kuwa an yanke masa hukunci ne gaba ɗaya.

Turancin kansa yana nuna wannan bambancin a ginin jimla kuma nan ne da yawanmu muke tuntuɓe. "You are being silly" na nufin yanzu haka kana shirme, ka daina. "You are silly" ta ɗan fi nauyi don ta koma siffarka, duk da haka in da murmushi aka faɗa wasa ce. Amma "you are very silly" da muke ji a nan ana faɗa da kaushin murya, ana nuna mutum da yatsa, wannan kam tamu ce, mu muka ƙera ta, kuma zagi ce tsagwaronta.

Ɗauki "don't be silly" ɗin nan da ta fi kowace jawo rashin fahimta. Ka je gidan Bature ka ci abinci ka miƙe za ka wanke kwano, ko kun sha shayi a kanti ka zaro kati za ka biya, sai ya ce maka "oh don't be silly". Wallahi ba zagin ka ya yi ba, karamci ne, daidai yake da a ce maka haba dai, zauna mana, kai da kake baƙo, ko kuma a'a Malam mayar da kuɗinka. Haka in ka ba shi haƙuri a kan wani ɗan abu, ka ce ka yi nauyi ko ka takura masa, zai ce "don't be silly" ma'ana ba komai wallahi, kar ka damu. Yanzu da 'yan uwanmu da yawa suke aikin jinya da kula da tsofaffi a Ingila wannan jimlar suna shan ta kullum daga bakin tsofaffin, kuma wanda ya je da fassarar firamare a kansa zai kwana yana ƙuna a banza yana cewa tsohuwar nan ta raina shi don shi baƙar fata ne, ita kuwa baiwar Allah cewa take yi sannu ɗan nan, bar shi kawai.

Sai "silly me", wadda mutum ke gaya wa kansa in ya manta makulli ko yana ta neman tabarau alhali yana goshinsa. Mu sai mu ce kai, ji ni fa, ko ni ma dai da shiririta nake. Da iyaye in suna wa yara wasa, "silly boy", "you silly thing", wannan kuma duk wanda ya tashi a gaban kakarsa ya san irinta. Kaka ta kalli jikanta ta ce ja'irin yaro, zo nan miji na, tafi can shashasha, tana faɗa tana tura masa ƙosai a hannu. Ja'iri a asalinta ba kalmar yabo ba ce amma a bakin kaka so ne zalla, kuma in wani ƙato a tasha ya kira ka da ita ka san ba so ba ne. To haka "silly" take, nauyinta yana wurin wa ya faɗa, wa aka gaya wa, da wace murya.

To me ya sa ta yi nauyi haka a wurinmu? Ni dai abin da nake gani shi ne hanyar da ta shigo mana. Ba a bakin uwa muka fara jin ta ba, a bakin ticha muka ji ta yana riƙe da bulala, ko a bakin oga yana wa masinja tsawa, ko soja a shingen hanya. Kalmar da ka fara ji tare da dorina ba za ka taɓa ɗaukar ta wasa ba. Sannan a Turancin Najeriya an jera ta sahu ɗaya da "stupid" da "idiot" da "nonsense", ana sako su a jere in rai ya ɓaci kamar duk abu ɗaya ne. Ga kuma maganar girma, mu a wurinmu ƙarami ba ya gaya wa babba cewa maganarsa ba ta da kan gado ko da kuwa da gaske ba ta da shi, sai dai ya kewaya ya ce Baba ni kuma a nawa ɗan ganin, ko Kawu anya kuwa. Bature ɗan shekara goma yana cewa "don't be silly, Dad" uban ya yi dariya. Gwada wannan a Fagge ka gani.

Kuma ba wai namu kuskure ba ne nasu daidai, a'a. In kana Kaduna kana magana da ɗan Najeriya ɗan uwanka, ma'anar da ku biyun kuka sani ita ce ma'anar, kar ka ce wa dattijo "silly" sannan ka zo kana kare kanka da cewa ai a Landan ba zagi ba ce, ba a Landan kake ba. Matsalar tana tasowa ne kawai in an haɗu a tsakiya, a imel ɗin aiki ko a kwament ko a asibitin waje, kowa ya zo da ma'aunin gidansu.

Tarihin kalmar kuwa shi ya fi komai ban mamaki. A tsohon Turanci, fiye da shekara dubu da suka wuce, ana cewa "sælig" ko "gesælig" kuma ma'anarta mai sa'a, mai farin ciki, wanda aka yi wa albarka. Har yau 'yar uwarta tana nan a Jamusanci, "selig", kuma ba ta canza ba, mai albarka take nufi. A Turanci ne ta yi ta zamewa a hankali. Daga mai albarka ta koma mai tsoron Allah, daga nan wajen ƙarni na 13 ta koma wanda ba ruwansa, marar laifi, marar cutarwa, sai ta gangara ta zama abin tausayi, mai rauni wanda ba zai iya kare kansa ba, kafin a ƙarni na 16 ta sauka inda take yanzu, marar wayo. A zamanin Shakespeare, wanda ya rasu a 1616, ma'anonin suna tafiya tare, in aka kira tumaki "silly" ba ana nufin wawaye ba ne, ana nufin bayin Allah da ba su da ƙarfin kare kansu daga kerkeci. Shi ya sa ɗalibin adabin Turanci in ya ci karo da ita a tsohon rubutu sai ya tsaya ya duba wace ake nufi.

Wannan gangarowar in ka lura ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ka ji yadda muke amfani da bawan Allah. Asalinta babu yabon da ya fi ta, amma saurari ɗan kasuwa yana cewa ai wane bawan Allah ne, ko nawa ka gaya masa zai biya. Ya yabe shi ne ko ya raina shi? Duka biyun. Haka salihi, ana faɗin ta da girmamawa amma wani lokacin in aka ce yaron nan salihi ne da yawa, abin da ake nufi shi ne za a cuce shi bai sani ba. Mutane ko'ina suna da wannan mugun lissafin, cewa wanda ba ya cuta to bai iya ba ne, wanda ya yarda da kowa to wayo ne ba shi da shi. Mu tamu ba ta gama gangarowa ba, har yanzu bawan Allah tana riƙe da mutuncinta, ta Turawa ce ta kai ƙasa. 'Yan uwanmu na Nijar masu Faransanci su ma suna da irinta, "benêt" da ake gaya wa sususun mutum, daga kalmar Latin "benedictus" ta fito, wato wanda aka sa wa albarka.

Tsohuwar ma'anar ta ɗan maƙale a Sikotilan, a tatsuniyoyinsu ana raba aljanu gida biyu, "seelie" masu kirki da "unseelie" masu mugunta, kusan yadda ake cewa farin aljani da baƙin aljani a nan. Wani abin dariya kuma, "nice" da kowa ke murna in an gaya masa, ita ta yi tafiyar ne a juye. Daga Latin "nescius" take, wanda bai sani ba, ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci wajen shekarar 1300 da ma'anar wawa, sai ga ta yau ta zama yabo. Da wani zai tashi daga wancan zamanin ka ce masa "nice" faɗa za ku yi, in ka ce masa "silly" ya ce amin.

Yanzu maƙwabtanta, don in ba a jera su ba ba za a ga inda ta tsaya ba. "Foolish" ita ce ta fi dacewa da wautarmu, rashin hangen nesa, yanke shawarar da mai hankali bai kamata ya yanke ba, kamar ka kwashe jarinka ka zuba a harkar da aka ce za ta ninka maka kuɗi a wata ɗaya. Tana da nauyi amma nauyin nasiha ne, za ka gan ta a jarida da huɗuba, ba ta titi ba ce sosai. Uwarta "fool" daga Latin "follis" ta zo, wato zugazugi irin na maƙera, fata ce cike da iska ba komai a ciki, kuma da ita Turawa suke kiran mai ba sarki dariya a fada, wanda mu ma muke kira wawan sarki.

"Stupid" kuwa wata duniya ce daban, ita kai tsaye ƙwaƙwalwa take duka, daƙiƙi kenan wanda ba ya ganewa. Asalinta a Latin mutum ne da ya yi sororo ya daskare saboda kaɗuwa. Turawa da yawa suna hana yaransu faɗin ta a gida, su ce a ce "silly" a madadinta, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka tazarar da ke tsakaninsu. Ko manya ma tana ƙona su. A watan Yulin 2009 'yan sanda a garin Cambridge na jihar Massachusetts suka kama Farfesa Henry Louis Gates na jami'ar Harvard, baƙar fata, a ƙofar gidansa bayan an kai rahoton cewa ana ƙoƙarin fasa gidan, da aka tambayi shugaban Amurka na lokacin, Obama, sai ya ce 'yan sandan "acted stupidly". Ka lura fa bai ce su daƙiƙai ba ne, aikin ya siffanta ba mutanen ba, amma duk da haka Amurka ta ɗauki zafi, ƙungiyoyin 'yan sanda suka taso, sai da ya fito ya sassauta maganar sannan a ƙarshen watan ya gayyaci farfesan da ɗan sandan Fadar White House aka zauna.

Su kuma "idiot" da "imbecile" da "moron" akwai dalilin da ya sa suka fi ɗaci. "Idiot" daga Girkanci take, can asali mutum ne gama-gari wanda ba ya riƙe da wani muƙami, amma daga baya likitoci da hukumomi suka mai da waɗannan kalmomin sunayen matakan taɓuwar ƙwaƙwalwa. "Moron" ma ƙirƙirar ta aka yi a 1910, wani masanin halayyar ɗan adam Ba'amurke mai suna Henry Goddard ya ƙago ta don babban mutumin da tunaninsa bai wuce na yaro ɗan shekara 8 zuwa 12 ba, "imbecile" tana ƙasa da ita, "idiot" ce can ƙarshe. A Ingila wata doka ta 1913 ta rubuta "idiots" da "imbeciles" ɓaro-ɓaro a matsayin rukunin mutanen da za a iya killacewa, sai a 1959 aka soke ta. Likitoci sun daɗe da watsar da su, titi ya tsince su ya mai da su zagi. Saboda haka wanda ya kira ka da ɗaya daga cikinsu da nakasa yake zagin ka, "silly" kuwa ba ta taɓa shiga wannan jerin ba.

Amma kar a ɗauka don tana da laushi ba ta cizo. Tana da wani dafi nata na daban, raini. In mutum ya kawo damuwarsa da gaske, ya ce yana jin ciwo a ƙirji ko yana tsoron za a kore shi daga aiki, ka ce masa "don't be silly", zai iya zama lallashi, zai kuma iya zama ka share maganarsa ka mai da shi yaro. "Silly woman" da "silly little man" ba su da ko ɗigon wasa a ciki, kuma mata a can suna tsanar ta musamman don an daɗe ana amfani da ita wajen nuna cewa maganar mace ba abin ɗauka ba ce. A muhawara ma in Bature ya ce hujjarka "silly" ce, cikin ladabi ya gaya maka ba ta kai ya ɓata lokacinsa a kanta ba, kuma gaskiya wani lokacin gara a ce maka ka yi kuskure a yi maka bayani a kan a yi maka wannan. Turawan Ingila gwanaye ne wajen yanka mutum da kalma mai sanyi, shi ya sa kunne kaɗai bai isa ba sai an haɗa da kallon fuska.

Masu kallon Firimiya sun fi kowa jin kalmar nan ko ba su lura ba. Ɗan baya ya ja rigar mutum a cikin da'ira ba gaira ba dalili, mai sharhi ya ce "silly foul", ko ɗan wasa ya cire riga yana murna alhali yana da katin gargaɗi a ba shi na biyu, "silly booking". Ba cewa ake ɗan wasan daƙiƙi ba ne, cewa ake laifin na ganganci ne, da ya natsu da bai faru ba. Haka "silly mistake" a jarrabawa, ka san amsar sarai amma gaggawa ta sa ka rubuta 6 a maimakon 9. Sai "silly money", kuɗin da ya wuce hankali, irin Yuro miliyan 222 da PSG ta biya ta ɗauke Neymar daga Barcelona a 2017, mu da sai mu ce kuɗi na hauka.

Akwai kuma "silly season" da za ka ji duk bazarar Turai. Wata jaridar mako-mako ta Landan mai suna Saturday Review ce ta yi amfani da ita a 1861, tana nufin lokacin nan na wajen watan Agusta da majalisa ke hutu, manya sun tafi shaƙatawa, babu labarin kirki, sai jaridu su cika shafi da shirme. Yanzu an faɗaɗa ta, ana kiran lokacin jita-jitar saye da sayar da 'yan wasa da ita, a Amurka ana gaya wa lokacin kamfe da 'yan siyasa ke jifan juna da maganganun banza, a Ostareliya kuma lokacin bukukuwan Kirsimeti da sabuwar shekara ake nufi. A wasan kurket ma akwai wuraren tsayuwa da ake kira "silly point" da "silly mid-on", ɗan wasa ne ke tsayawa dab da mai dukan ƙwallo, ƙwallon kuma tauri gare ta, kana ganin wurin ka san dalilin sunan.

Wata hanyar amfani da ita da ke rikita masu koyo ita ce in ta zo bayan aikatau, kamar "scared silly" ko "bored silly" ko "laughed himself silly". A nan ba wauta a ciki ko kaɗan, ƙarfafawa ce kawai, tsoro ya kama shi har ya rasa inda kansa yake, ya gaji da zama har ya rasa abin yi, ya yi dariya har da riƙe ciki. Wanda ya fassara "I was scared silly" da cewa na ji tsoron wauta ya kashe maganar, abin da ake nufi shi ne na tsorata har hantar cikina ta kaɗa.

Ga masu rubuta wasiƙar neman aiki ko amsa tambayar insha'i a WAEC da NECO, "silly" kalmar hira ce, ba ta cika dacewa da rubutun ofis ba. In shawara ce ba ta yi ba "unwise" ta fi, in kuskure ne na rashin kula "careless", in kuma abu ne da bai taka kara ya karya ba "trivial". Inda take da amfani a wurin aiki shi ne in za ka yi tambayar da kake jin kunyar yi, sai ka fara da "this may be a silly question", wato a yi mini afuwa ko tambayar tawa ba ta da kai, kuma kusan kullum amsar da za a ba ka ita ce babu tambayar da take shirme, yi abarka.